Sannunku da Aiki, Masu Gyaran Kwamfuta na Bata

Masu gyaran kwamfuta da ke zaune daga Bata zuwa bakin Kasuwar Sabon Gari a Kano, da 'yan'uwansu na titin Faransa da titin Beirut, sun cancanci jinjina, kuma an daɗe ana riƙe musu ita. Ba a gayyatarsu manyan tarukan fasahar zamani, ba a kiran sunansu a ba su lambar yabo. Amma kwamfutar da ɗalibin Jami'ar Bayero ya rubuta kundin kammala karatunsa da ita, da wadda ake tsara katin ɗaurin aure a kanta a Fagge, da wadda ake tace fim ɗin Hausa da ita har asuba, akasarinsu ta hannun waɗannan bayin Allah suka biyo kafin su amfani kowa. Sabuwa fil a kwali ta fi ƙarfin aljihun yawancinmu. Ta hannu muke saya, 'yar Landan ko 'yar Beljiyam, ta hannu kuwa ba ta rayuwa sai da mai gyara.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan ɗayansu yana aiki ya san abin da nake nufi. Teburin bai fi kamu uku ba. A kansa akwai fitila, da mita, da ƙarfen narka dalma, da tsohon buroshin goge haƙori da ake wanke bod da shi, da gwangwanin madara cike da ƙananan sukurori. An kawo kwamfutar da ta ƙi tashi sam, mai ita har ya fid da rai. Mai gyara zai kwance ta, ya ɗora tsinken mita nan, ya ɗora can, ya ba bod ɗin wuta kaɗan ya bi shi da bayan yatsa yana neman inda ya ɗauki zafi. In ya gano ɗan mitsitsin abin da ya ƙone, sai ya ciro irinsa daga wani mataccen bod da ke rataye a ƙusa, ya liƙa. Ya share ƙurar hunturu da ta toshe fanka, ya sake man da ke sanyaya ƙwaƙwalwar na'urar. In batir ne ya mutu, ya tsaga shi ya canza ƙwayoyin da ke ciki. Kafin la'asar allo ya kawo haske, mai ita yana ta faɗin, "Allah ya yi albarka, Injiniya, Allah ya ƙara basira."

Wannan hidima ce ga ƙasa, ko da ba a rubuta ta a kasafin kowa ba. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da abokan aikinta a tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016 ya nuna cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa Nijeriya a shekara, kuma fiye da tan 15,000 daga ciki matattu ne tun kafin a sauke su. Duk na'urar da mai gyara ya tasa, ya rage wa bola nauyi, ya hana a ƙona robarta yara su shaƙi hayaƙin, ya kuma bar kuɗi a aljihun mai ƙaramin ƙarfi. Ga kuma raino. Yaro zai zo bai san ram ba balle hadis, bayan 'yan shekaru ogansa ya yaye shi ya kafa nasa teburin. Bahaushe ya koya a wurin ɗan ƙabilar Ibo, Bayarabe ya ari kayan aiki a shagon Bakano, kaya su taso daga Ikeja da Alaba a raba. Zaman Sabon Gari da Fagge ya ga jarrabawa iri-iri, amma a kan teburin gyara abin da ake tambaya shi ne wa ya iya.

Akwai wasu da ya kamata a haɗa a wannan yabo, domin aikinsu da na masu gyara Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Tun a shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙera haruffan kwamfuta masu ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, lokacin da marubutanmu ke bugawa sannan su bi da biro suna lanƙwasa kan harafi. A tsakiyar shekarun 2000 kamfanin Leapsoft na Legas ya fitar da Wazobia Linux, babbar manhaja mai magana da Hausa da Yarbanci da Ibo. Ƙungiyar SIL ta saki haruffan ajami masu suna Alkalami, waɗanda aka zana bisa salon rubutun allo na Kano, kyauta ga duk mai so. Matasa 'yan sa-kai sun cika Wikipedia ta Hausa da dubban maƙaloli, wasu kuma sun ba da muryoyinsu har Hausa ta shiga rumbun Common Voice na Mozilla a 2021. Cibiyar CITAD a nan Kano ta shafe shekaru tana koyar da matasa da mata kwamfuta, tana fafutukar kai intanet ƙauyuka. Allah ya saka wa kowa da alheri.

To amma gyara ba ya ƙarewa a kan bod. Da zarar allo ya kawo haske, maganar da ke biyo baya kusan kullum ɗaya ce: "Oga, a ɗora mata windo." Sai a zaro filas, a ɗora kwafin da aka fasa makullinsa, a bi shi da sauran manhajojin da su ma ba a biya lasisinsu ba. Ban faɗi haka don in tozarta kowa ba. Da dala ake yanke kuɗin lasisi, mu kuwa da naira muke samu. Sai dai wanda ya fasa makullin, ba mu san shi ba, ba mu kuma san abin da ya cusa a ciki ba. A kan wannan na'urar ce Hajiya za ta buɗe asusunta na banki, a kanta lauya zai ajiye sirrin wanda yake karewa, a kanta hotunan iyali suke. Wanda ya miƙa wa mai gyara kwamfutarsa amana ya ba shi, kuma amanar ta haɗa da abin da aka zuba mata.

Lokaci ma ya tilasta maganar. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina tura wa Windows 10 gyaran tsaro, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi na ɗan lokaci. Windows 11 kuwa tana neman ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar Intel zubi na 8, wanda ya fara fitowa a 2017, ko abin da ya biyo bayansa. A leƙa shagunan 'yar Landan a ƙirga nawa ne suka cika wannan sharaɗi. Ana iya tsallake shi da dabara, masu gyaranmu sun iya, amma kamfanin bai ɗauki alkawarin kula da na'urar da aka yi wa haka ba. Kwamfutoci masu ƙoshin lafiya, waɗanda za su iya ƙara shekaru suna aiki, an yanke musu hukunci daga nesa.

Mafita tana nan, kuma ta girmi yawancin yaran shago. A 1983 Richard Stallman ya fara aikin GNU a Amurka, da niyyar gina babbar manhajar da kowa ke da 'yancin amfani da ita yadda ya so, ya karanta yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya kuma rarraba wa wasu, gyararriya ko yadda ya same ta. A 1991 Linus Torvalds, yana ɗalibi a Helsinki, ya rubuta zuciyar da ake kira Linux, aka haɗa biyun suka zama cikakkiya. Yau manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duk da ita suke aiki, kuma wayar Android da ke aljihun mai karatu a kan zuciyar Linux aka gina ta. Abin da ya fi shafar Bata shi ne lasisinta bai hana ciniki ba. Mai gyara zai iya kwafarta sau dubu, ya ɗora wa mutum dubu, ya karɓi kuɗin aikinsa cif, ba tare da ya ci haƙƙin kowa ba.

Inda aikin ya fi wuya, kuma inda aka fi bukatar gwanintar mutanenmu, shi ne zaɓen ita kanta na'urar. Da yawa suna zaton da an ɗora Linux shi ke nan an 'yantu. Ba haka ba ne. Kafin babbar manhaja ta farka, akwai ƙaramar manhaja da ke zaune a guntun BIOS, ita ke tada na'urar, kuma a yawancin kwamfutoci rufaffiya ce. A ƙarƙashinta ma akwai wani abu. Tun wajen 2008 kusan duk kwamfutar Intel tana ɗauke da wata ƙaramar ƙwaƙwalwa ta daban mai suna Management Engine, wadda ke aiki muddin akwai wuta a bod, ko da an kashe na'urar, tana iya kaiwa ga ma'ajiyar bayanai, mai kwamfuta kuwa ba shi da ikon duba abin da take yi. AMD ma ta sa irin tata daga 2013. A 2017 masu bincike suka bankaɗo manyan ɓarakoki a ta Intel, kamfanin da kansa ya amsa ya fitar da gyara. Kamar mutum ne ya sayi gida ya biya kuɗi lakadan, sai ya tarar da ɗaki ɗaya a kulle, makullin yana hannun magini.

Abin farin ciki, kwamfutocin da aka fi iya buɗe wannan ɗaki a cikinsu su ne waɗanda suka cika kasuwarmu. Aikin coreboot, wanda ya faro a 1999 a cibiyar bincike ta Los Alamos da sunan LinuxBIOS, yana maye gurbin BIOS na kamfani da buɗaɗɗe. Libreboot, da Leah Rowe ta kafa a Ingila a 2013, ya sauƙaƙa shi ga mai gyara na gari. A kan ThinkPad X200 da T400 na 2008, da Dell Latitude E6400, ana iya share manhajar Management Engine gaba ɗaya, na'urar ta ci gaba da aiki lafiya. A kan waɗanda suka biyo baya, irin su ThinkPad X220 da X230 da T430, da HP EliteBook 8470p da Folio 9470m, da Dell OptiPlex 7010 ta kan tebur, ba a iya share ta duka, domin in ta ɓace na'urar takan kashe kanta bayan minti 30. Amma akwai manhajar me_cleaner da ke datse mafi yawanta, ta bar ɗan abin da zai tada bod kawai. Waɗannan sunaye ba baƙi ba ne a Bata. A kan kanta suke a jere, wasu ma ana yi musu kallon tsofaffin yayi. Sababbi da yawa kuwa an sa musu wani makulli mai suna Boot Guard, wanda aka ƙone shi a cikin guntun tun daga masana'anta, ba ya karɓar BIOS ɗin da kamfani bai sa wa hannu ba. Saboda haka a wannan fage tsohuwa takan fi sabuwa daraja.

Kayan aikin ma suna hannu. Mai gyaran da ya saba yi wa BIOS filashin ya san ɗan guntun nan mai ƙafa takwas, ya san matsen da ake kama shi da shi, ya san na'urar CH341A da ake sokawa a kwamfuta ta biyu. Hannun da ke mayar da BIOS na kamfani in ya lalace shi ne zai iya zuba coreboot. Sai dai a kiyaye ƙa'ida. A cire batir da caja tukuna. A auna na'urar da mita, domin yawancin guntayen nan wutar volt 3.3 suke ɗauka, wasu CH341A masu araha kuwa 5 suke turawa ta layin bayanai. A karanta abin da ke cikin guntun sau biyu a gwada, in sun yi daidai a adana kwafin asali da sunan mai na'urar, don in abu ya ɓaci a mayar masa da kayansa yadda ya kawo.

Bayan BIOS sai katin Wi-Fi, wanda shi ne ya fi ba mutane ciwon kai. Na Broadcom da na Intel galibi ba sa motsi sai da rufaffiyar manhajar kamfani. Tsofaffin katunan Atheros, waɗanda direban ath9k ke tuƙawa, ba sa bukatar komai, kuma ana samunsu a cikin matattun kwamfutocin da ke jibge a bayan shago. BIOS na wasu Lenovo da HP yakan ƙi tashi in an sa masa katin da ba ya cikin jerinsa, amma da an zuba coreboot wannan shinge ya faɗi. A ɓangaren hoto, na Intel da ke haɗe da ƙwaƙwalwar waɗancan tsofaffin zubi ya fi kwanciyar hankali, na Nvidia kuwa ya fi wahalarwa.

Akwai sababbin na'urori da aka ƙera da wannan niyya tun farko. Purism da System76 a Amurka suna sayar da kwamfutoci masu coreboot, MNT Reform ta Jamus an wallafa zanen bod ɗinta kowa ya gani, Talos II kuwa ta samu shaidar Gidauniyar 'Yantacciyar Manhaja, amma kuɗinta dubban daloli ne. Tsarin RISC-V da aka faro a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a 2010 ya buɗe wa kowa ƙofar zana ƙwaƙwalwa ba tare da biyan lasisi ba, sai dai kwamfutocinsa ba su kai na kasuwa gudu ba tukuna. Raspberry Pi da ɗalibanmu ke so tana da araha da amfani, amma ba ta tashi sai da rufaffiyar manhaja. Kuma dole a gaya wa mai saye gaskiya: ko a kan X200 da aka wanke tas, manhajar da ke cikin hadis da zanen ita kanta ƙwaƙwalwar a rufe suke. 'Yancin nan hawa-hawa ne. Mai gyara na ƙwarai zai faɗi hawan da ya kai mutum, ba zai yi masa alkawarin abin da babu ba.

Zaɓen babbar manhaja ya danganta da na'ura da kuma mai ita. Wanda ke son tsantsar buɗaɗɗiya, ba gauraye, Trisquel ce ta fi sauƙi a cikin waɗanda Gidauniyar ta amince da su. Parabola da Guix na masu zurfin sani ne. Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, ita nake ganin ta fi dacewa da shago: ba ta da rawar kai, ba ta yawan cin data, ana iya sauke faifanta sau ɗaya a riƙa ɗora wa na'urori ba tare da intanet ba. Sai dai a sani, daga fitowa ta 12 a 2023 ta fara haɗa rufaffun manhajojin katuna a faifan ɗorawa, don haka mai son tsantsa sai ya hana su shiga. Wanda ya saba da windo, yake tsoron sabon wuri, Linux Mint za ta karɓe shi hannu biyu, ko da yake tana da gauraye. A kan na'ura mai ram 4, fuskar Xfce ko LXQt ta wadatar, kuma za a ga tsohuwar da ke jan ƙafa ta miƙe. Allon madannai na Hausa yana cikinsu tun asali, kunna shi kawai ake yi.

Gwajin da ya fi kowane bayani shi ne a riƙe filas mai ɗauke da Trisquel a aljihu. Kafin a biya kuɗi, a ce wa mai kaya, "Alhaji, a ba ni minti biyar in gwada." A tada na'urar daga filas ɗin ba tare da an taɓa hadis ba. In Wi-Fi ya kama, sauti ya fito, hasken allo ya ƙaru ya ragu, kyamara ta nuna fuska, to wannan na'ura ba ta bukatar rufaffen direba. In wani abu ya ƙi, an san abin da za a canza tun kafin ciniki ya faɗa.

Ba kowa za a ɗora wa ba, wannan ma yana cikin amana. Mai shagon ɗab'i da abincinsa ke kan CorelDRAW, da tarin ayyukan shekaru a cikinta, kada a goge masa dare ɗaya. Inkscape da Scribus da GIMP suna aiki mai kyau, amma ba kowane tsohon fayil suke buɗewa daidai ba, hannu kuma sai ya saba. A raba masa hadis biyu, ya riƙa koyo a hankali. A duba firintarsa ma: LaserJet 1320 takan yi aiki kai tsaye, 1020 kuwa sai an tura mata rufaffiyar manhaja duk lokacin da aka kunna ta. Amma ɗalibi, da malamin makaranta, da sakataren masallaci, da mai lissafin shago a Kantin Kwari, LibreOffice da Firefox sun ishe su har da ragi.

Nauyin bai tsaya kan masu gyara kaɗai ba. Mun ga yadda irin wannan yunƙuri ya taso a ƙasar nan ya kwanta. A 2007 an raba wa yaran firamaren Galadima a Abuja ƙananan kwamfutocin XO masu aiki da Linux. A shekarar ce kuma aka yi cinikin kwamfutocin makaranta 17,000 masu ɗauke da Mandriva Linux, har shugaban kamfanin ya fito fili yana kukan cewa ana shirin goge ta a sa Windows. Abin da aka rasa a lokacin shi ne masu kula da na'urorin a kusa, da malaman da aka horar. Jihar Kerala ta Indiya ta mayar da makarantun gwamnatinta kan 'yantacciyar manhaja, abin ya zauna, domin ta horar da malamai ta kuma rubuta darussa da harshen mutanenta. Kano tana da abin da Galadima ta rasa, ga su nan a Bata. Gwamnatin jiha da hukumar NITDA da jami'o'inmu, kafin su yi gwanjon tsofaffin kwamfutocin ofis a kan kuɗin ƙarfe, su kira waɗannan mutane a tashe su a kai makarantun da yara ke zuwa jarrabawar JAMB ba su taɓa dafa madannai ba. In za a sayo sababbi, a sa sharaɗin cewa suna aiki da buɗaɗɗiyar manhaja kuma ana iya kwance su da sukundireba.

Su kuma masu gyara, sauran aikinsu shi ne rubutu. Iliminsu a ka yake da yatsu, in oga ya tashi daga kasuwa ya tafi da shi. Ƙungiyoyinsu za su iya buɗe littafi ɗaya, da Hausa, a riƙa shigar da kowace na'ura da aka gwada: sunanta, katin da ke cikinta, guntun BIOS ɗinta, manhajar da ta karɓa da wadda ta ƙi. Ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Bayero da Wudil su sauko su zauna a bencin shago, su kawo karatun da suke da shi su karɓi aikin hannu, su taimaka a fassara fuskar Xfce da LibreOffice zuwa Hausar da Hajiya za ta gane ba tare da ta kira ɗanta ba. Kowane oga kuma ya ware tsohuwar ThinkPad ɗaya da ba ta sayarwa ba ce, ya miƙa wa yaransa da filas da matse, ya ce su zuba mata coreboot da Debian, su lalata su gyara har hannunsu ya faɗa.